Keke Ba Zare

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafa, ya shago, ya 'Yar-baba? Ni ma lafiyata ƙalau, sai gajiya. Da safe muna aji, da rana muna ɗakin marasa lafiya, karatun jinyar nan ba ya barin mutum ya ko sosa kai. Na san kin ce waya ba ta yi miki saboda kunnenki, shi ya sa na rubuto na ba direban motar kaya da ke bi ta wajenku.

Gwaggo, ba na manta alherinki. Ke gwaggon marigayi mijina ce, ta nesa ma, amma lokacin da ya rasu karatun nan ya taso, na kusa duk suka sunkuyar da kai, ke kika ce a kawo miki yarinyar. To amma kin san halin da na bar ta. Tun rasuwar babanta bakinta ya mutu, daga ɗaga kai sai girgiza kai. Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru! In na bugo waya numfashinta kawai nake ji. Saboda haka na ɗaukar mata malamin lesin, don makarantar da nake nema mata a ƙarshen zangon nan sai an yi wa yaro intabiyu, kuma ba sa ɗaukar wanda ba ya buɗe baki.

Shekaranjiya malamin ya kira ni. Ya ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yana zuwa bayan la'asar kina tare shi a bakin ƙofa kina cewa yau ba dama. Ya ce ko ganinta ba ya yi. Ban so in yarda ba, don na san ba haka kike ba. Ko wani abu ya yi miki? Ko yarinyar ce ba lafiya ake ɓoye min? Don Allah ki faɗa min gaskiya, hankalina ya ƙi kwanciya.

Ki shafa min kanta.

'Yarki,
Maman 'Yar-baba

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso har da tambarin baƙin mai na yatsan direba. Muna lafiya. Ƙawar tawa, 'yarki, tana ci tana sha, ta yi kumatu, haƙorinta na gaba yana girgiɗi. Gwiwoyina ne dai suka sa ni gaba kwanan nan, in na tashi daga kan keken ɗinki sai na dafa bango.

Malaminki kuwa ban kore shi ba, cewa na yi ya canja lokaci, shi kuma ya ce lokacinsa ke nan. Mutum ne mai takalmi mai ƙara. Tun daga bakin titi yarinya take jin ƙwas-ƙwas ɗinsa ta maƙale bayan ƙofa. Ya zaunar da ita ya ce ta ce A, ta kalli silin. Ya ce ta ce B, ta kalli takalminsa. Ni da nake gefe har na kusa zama malama, ita kuwa ko uffan. Ranar ƙarshe ma fitsari ta yi a zaune, yarinyar da ta daina tun tuni.

Bayan la'asar muna da aiki a shago ni da ita, kuma ba na so a katse mana. Iyakar abin da zan ce miki ke nan yanzu. Ki bar ni da abin da nake yi.

Ni ma ina da tambaya, tunda tambayoyi ake yi. Ranar da kika bugo kika ce a kara mata wayar, na ji muryar namiji a bayanki yana ta dariya. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan garau yake. Wannan gaggawar neman makaranta, ta yarinyar ce ko ta wani ce? Ba laifi ba ne, ke yarinya ce, ba wanda ya ce ki tsufa a haka. Amma in akwai magana gara in ji daga bakinki, kada in tsinta a bakin direba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ni lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Na karanta takardarki na sake karantawa, kullum a wuri ɗaya nake tsayawa: kuna da aiki a shago ke da ita. Wane aiki ne yarinya 'yar shekara shida take da shi a shagon ɗinki, har ya fi karatunta? Da na kasa barci a kan maganar, sai na roƙi Yayana ya biyo ta wajenku ba tare da ya sanar ba. Ki yi haƙuri da hakan, uwa ce ni.

Ga abin da ya faɗa min. Ya tarar da ita a ƙarƙashin teburin yanka, zaune a ƙasa cikin ƙyallaye, kanta duk zare, ƙafafunta furu-furu. Aljihun rigarta cike da maɓallai. Maƙwabcinku mai wanki ya ce masa kullum yana ganinta tana bin shagunan layin da buhu tana tsintar ƙyalle. Littattafan da na aiko kuwa suna can saman kwaba, ko ledarsu ba a cire ba. Gwaggo, tsintar ƙyalle na kawo miki ita ta yi?

Abin da ya fi tsinka min zuciya shi ne na ƙarshe. Yaya ya ce ya daɗe a tsaye a bakin ƙofa ba ki gan shi ba. Kina ta taka keke, gumi yana zuba, amma babu yadi a kan keken. Babu zare, babu ma allura. Ya ce kin sunkuyar da kai gefe guda kina murmushi ke kaɗai. Kuma an ce masa yanzu ba kya karɓar ɗinki da yamma, masu kaya sai su juya.

Ina aiki a asibiti, na ga yadda irin wannan yake farawa ga manya. Ba zagi ba ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ya kamata likita ya duba ki. Amma ba zan iya barin yarinyar da ba ta magana a hannun wanda shi ma yake bukatar a kula da shi ba. In wani abu ya faru, wa za ta faɗa wa?

Na yanke shawara. Akwai makarantar kwana da ke ɗaukar ƙanana ba tare da intabiyu ba. Ana rufe zangon nan Yaya zai zo da mota ya ɗauke ta. Ki haɗa mata kayanta.

Maganar namiji kuwa, ban ga abin amsawa a ciki ba.

Maman 'Yar-baba

*

Gwaggo,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya zo ya koma ya sake zuwa, na tare shi a bakin asibiti, ya juye min aljihunsa ya ce ba ki ba shi komai ba. Na bugo waya tana ta ringin ba a ɗauka. In fushi kike yi, ki yi da ni, amma ki faɗa min halin da yarinyata take ciki. Zango ya kusa ƙarewa, Yaya yana jiran in sa masa rana.

Maman 'Yar-baba

*

'Yata,

Sallama da gaisuwa. Muna nan da rai. Takardunki duka sun iso, kada ki ɗora wa direba laifi. Fushi na yi, fushi mai kyau kuwa. A tsufana a turo min ɗan leƙen asiri, a ce na taɓu! Wayar ma ina kallonta tana ta rawa a kan tebur na ƙi ɗauka. Na so in yi gum har ranar da motar za ta zo, in ga wanda zai shiga ƙarƙashin teburina ya fito da ita. Sai na ga yarinyar ce za ta sha wahalar taurin kaina. To ki zauna ki karanta, kada ki tsallake layi.

Yayanki bai yi ƙarya ba. Ina taka keke ba zare. Amma ya tsaya a bakin ƙofa ne, da ya durƙusa da ya ji abin da nake ji.

Watannin baya aka kawo min ɗinkin labulayen wani ofis, dogaye, irin waɗanda in ka ɗora ƙafa sai ka yi ta tafiya ba tsayawa. Ƙawar tawa ta saba shigewa ƙarƙashin tebur in ta dawo daga makaranta, ni kuma na ƙyale ta don ba ta taɓa almakashi. Ina cikin takawa sai kunnena mai kyau, wanda yake ta wajen teburin, ya jiyo wata 'yar murya. Na ɗauka rediyon mai wanki ne. Na tsayar da keke, murya ta ɗauke. Na ci gaba, ta dawo. Na sake tsayawa, tsit. 'Yata, sai da tsigar jikina ta tashi. Yarinyarki ce take magana, zance sosai, har da faɗa da lallashi. In keke yana ƙara tana ganin ba mai jinta, sai bakin ya buɗe.

Da labulaye suka ƙare sai na rasa dogon ɗinki. Riga da wando kuwa taka-tsaya ne, kafin ta ɗauko zance na tsaya juya hannun riga, ta haɗiye. Shi ne na cire allura na zare zare, na mayar da masu kaya safiya. Daga la'asar har rana ta yi sanyi ina taka iska, ita tana hirarta. Aikin da na ce muna da shi ke nan, kuma abin da ya cinye min gwiwa ke nan.

Ƙyallayen da take tsinta mutanenta ne. Da kanta take naɗe su ta ɗaure da zare. Akwai dogo mai ruwan ƙasa, shi ne Baba. Akwai fara mai kwalin ashana a matsayin akwati, ke ce. Akwai ƙarama, ita ce da kanta. Akwai wata ƙatuwa mai karkatacciyar ƙafa da maɓallin kwat a wurin hanci, wai ni ce, Allah ya isa tsakanina da ita.

Da farko wasa ɗaya take yi kullum. Ta kwantar da dogon, ta ba shi magani a murfin kwalba, ta ce, "Sha mana, Baba, ba ɗaci." Ta lulluɓe shi, ta yaye, ta sake ba shi. Ina takawa hawaye yana ɗiga a kan keke, ba halin in tsaya in share. Haka muka yi ta yi har na fara tunanin ko cutar da ita nake yi. Rannan sai na ji ta ce, "Baba, ka huta haka nan, maganin ya ƙare." Ta sa shi a kwalin takalmi ta rufe a hankali, ta ture shi jikin bango. Ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yaran layi suna tsalle da igiya. Washegari ta riƙe musu bakin igiyar. Daga baya har 'yar mai wanki takan shigo ƙarƙashin teburin, in keke yana tafiya su yi ta musu a kan wa zai zama likita. Barcinta ya daidaita, ta daina firgita. Wannan duk ba a littafin saman kwaba ya fito ba, littafin kuma yana nan, ba inda zai je.

Kin ce me ya sa ban faɗa miki ba. Tsoro na ji. Na san ki da zafin nama, kina ji za ki bugo ki ce, "Ashe kina magana, to yi min." Ranar da ta gane ana saurarenta, shi ke nan an rufe shago. Kuma sirrinta ne, ni ma satar ji nake yi.

Akwai wanda ban so in rubuta ba, amma tunda kin ce gaskiya kike so, ga ta. Farar tana zaune ne a bayan ƙafar tebur. Takan ɗauko ta, ta kara mata maɓalli a kunne, ta canja murya ta koma taki sak: "'Yar-baba, me aka koya muku yau? Nawa kika ci? Ki yi magana mana, ana jirana." Sai ta mayar da ita bayan ƙafar tebur. Bayan farar ta tafi ne ƙaramar take ba da amsa. Ta ce haƙorinta ya fita. Ta ce kyanwar mai wanki ta haihu a cikin kwandon kaya. Ta ce ta iya ɗaure igiyar takalmi. Labari kala-kala take ba ki, sai dai kin riga kin kashe waya.

Yanzu ga inda muke. Yayanki ya sake zuwa, a gabanta ya yi zancen makarantar kwana, da ƙarfi kuwa, wai don ni kurma in ji. Tun ranar ta ɗauki ƙaramar ta jefa a gwangwanin madara ta danne murfin. Ina ta takawa, ba abin da yake fitowa daga ƙarƙashin tebur. Wajen igiyar ma ta daina zuwa.

'Yarki ce, ba ni da iko. In kin ce mota ta zo, zan haɗa kaya har da gwangwanin. Amma ki tambaye su a can ko suna da tebur da za a bar ta ta shiga ƙarƙashinsa, da tsohuwar banza da za ta taka mata iska.

Likita kuma zan je, amma na gwiwa.

Gwaggonki

*

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya gwiwa? Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. A ɗakin canja kaya na karanta takardarki, na zauna a kan benci na yi kuka har wata abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi min. Ki yafe min, Gwaggo. Na ce kin taɓu, alhali ƙafarki kike kashewa a kan 'yata.

A ɗakin yara na asibitin nan akwai wata kusurwa mai tabarma da kayan wasa. In muka ga yaro ya sauko daga gado ya nufi wajen, mukan ce wa uwarsa ta kwantar da hankalinta, sauƙi ya zo. Da bakina nake faɗa. Amma da aka zo kan tawa, tsoro ya rufe min ido, ba abin da nake gani sai intabiyu.

Na kira Yaya na ce ya bar motarsa inda take. Babu makarantar kwana. Waccan ta intabiyun ma ta jira wata shekarar, in ba su jira ba akwai wasu. Ki faɗa mata da bakinki cewa ba inda za ta, ki faɗa da ƙarfi yadda Yaya ya yi.

Ga wani ƙyalle nan cikin ambulan, daga gefen tsohuwar rigar aikina na yanko. Kada ki ce daga ina yake, ki jefa shi cikin buhunta kawai, za ta gane ƙamshin. Ga man zafi kuma a hannun direba, ki tabbata ya ba ki, don na ga yana kallonsa.

Ina roƙon abu ɗaya. Ranar Asabar bayan la'asar ba ni da aiki, zan bugo. Kada ki kara mata a kunne. Ki ɗauka, ki ajiye wayar a ƙasa kusa da ƙafar tebur, ki ce mata Mama ce, ta ce yau ba ta da tambaya kuma ba wanda yake jiranta. Sai ki hau kekenki. Ba zan ce komai ba. Ko numfashinta kaɗai na ji ya ishe ni.

Namijin da kika ji kuwa, wani tsoho ne mai karyayyen ƙugu da ke gadon kusa da taga, ba shi da haƙori ko ɗaya. Kullum sai ya ce zai aure ni in ya warke. In kin amince sai in ce ya turo.

'Yarki,
Maman 'Yar-baba

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, man zafi ya iso, direba ya ɗan taɓa amma ya rage da yawa. Tsohonki mai ƙugu ki ce masa ni ma ina nan, gwiwa da ƙugu sai mu haɗa mu yi mutum ɗaya.

Ke kin ji da kunne, ni na gani da wutsiyar ido, to bari in cika miki abin da waya ba ta nuna miki ba. Da na ajiye wayar na faɗi saƙonki, ta daɗe tana kallonta kamar kunama aka ajiye mata. Ina ta takawa, ina cewa a raina yau kam mun yi asara. Can sai ta miƙa hannu bayan ƙafar tebur ta ɗauko farar. Ashe tun shekaranjiya ta naɗa mata ƙyallenki. Ta zaunar da ita a kan wayar. Ta jawo gwangwanin madara, ta sa haƙori ta ɓalle murfin, da ragowar haƙoran nata, ta zazzago ƙaramar ta zaunar da ita a gaban farar. Sai na ji an fara, ƙasa-ƙasa, labarin kyanwa.

Da muka yi sallama kin tambaye ni ko bel ɗin keke ne ya tsinke, don kin ji ƙara ta ɗauke gaba ɗaya, muryarta ta fito tar. Na ce miki sai a takarda. Ba bel ba ne, ba kuma gwiwa ba ce. Ina cikin takawa na ji an ja min zane. Na duba, sai ga kanta ya leƙo daga ƙarƙashin tebur, duk zare, ta ɗaure fuska ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Gwaggo, ki daina mana, Mama ba ta jina."

Maganar farko ke nan da ta taɓa yi min tun da kika kawo ta, kuma faɗa ne. Na ɗauke ƙafata.

Yau da safe na mayar da allura. Ki ce wa malaminki yana iya zuwa ran Lahadi da hantsi, in zai cire takalmi a bakin ƙofa, kuma in ƙugunsa zai iya shiga ƙarƙashin tebur, don can ne ofis ɗinta. Asabar kuma ki bugo da wuri, ta ce ke ce mara lafiya wannan karon.

Gwaggonki